Bayan an sa hannu a kwangila, wa ke tsaye a kanta?

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata sana'a da ba kasafai ake jin sunanta a zangunanmu ba, alhali kuwa duk wanda ya taɓa tsallake magudanar ruwan da aka haƙa aka watsar, ko ya kai ɗansa makarantar da aka yi wa bango ba a yi mata rufi ba, ya ɗanɗani abin da rashinta ke jawowa. Sana'ar ita ce kula da kwangila, wato aikin mutumin da ke riƙe da takardar yarjejeniya tun daga ranar da aka sa mata hannu har zuwa ranar da aka miƙa aiki aka kuma biya sidi na ƙarshe. Wannan ne abin da nake ci da shi a nan Kumasi, kuma ina cikin wata 'yar ƙungiya ta masu irin wannan aiki, wadda ta haɗa masu aikin gwamnati da masu aiki a kamfanonin gine-gine. A kan ayyukan wannan ƙungiya da ire-irenta nake so in yi magana, domin ina ganin suna da alheri mai yawa a hannunsu wanda har yanzu bai iso ga mutanen da suka fi buƙatarsa ba.

Abin da muke yi idan mun taru ba shi da wani ado. A kan ɗauko yarjejeniya guda, a ɓoye sunayen masu ita, a bi ta sharaɗi bayan sharaɗi, kowa ya faɗi inda yake ganin rigima za ta iya ɓullowa. A kan gayyaci lauya ko injiniya ko mai ƙiyasin kuɗin gini ya yi bayani a kan abin da ya sauya a doka. A kan kuma karɓi ɗaliban da ke karatun sayayya da gudanar da gine-gine a jami'ar KNUST da Jami'ar Fasaha ta Kumasi, a nuna musu yadda aikin yake a fili saɓanin yadda yake a allo. Manyan ƙungiyoyin ƙasa ma suna irin wannan a matakin da ya fi namu girma, kamar Cibiyar Masu Sayayya da Samar da Kaya ta Ghana, wadda aka fi sani da GIPS, da ƙungiyar safiyoyi wadda masu ƙiyasin kuɗin gini ke cikinta, da ƙungiyar injiniyoyi. Suna shirya tarurrukan ƙara wa juna sani, suna rantsar da sababbin mambobi, suna da dokokin ɗa'a. Ban raina wannan ƙoƙari ba ko kaɗan, domin da shi ne da yawanmu muka san abin da muka sani.

Damuwata ita ce, hankalin kowa, tun daga gwamnati har zuwa ƙungiyoyin, ya fi karkata ga yadda ake ba da kwangila, ba ga yadda ake riƙon ta ba. Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2003, mai lamba 663, da gyaran da aka yi mata a 2016 ta doka mai lamba 914, sun yi dogon bayani a kan yadda za a yi shela, yadda za a karɓi tayin masu nema, yadda za a buɗe shi a gaban jama'a, da lokacin da ya halatta a zaɓi kamfani ɗaya ba tare da gasa ba, wanda shi ma sai da amincewar Hukumar Kula da Sayayyar Gwamnati, wato PPA. A 2019 aka ƙaddamar da tsarin GHANEPS domin a riƙa yin wannan duka ta intanet. Duk wannan ci gaba ne. Sai dai kwangila kamar aure take: ranar ɗaurinsa gari ke cika, amma zaman da ke biyo baya shi ne ainihin abin, kuma a nan ne ba a cika samun mai leƙowa ba. Ranar da aka ɗora harsashi akwai kyamara da jawabi, bayan wata shida kuwa daga ɗan kwangila sai leburorinsa sai wani jami'i guda da aka ɗora wa ayyuka goma a lokaci ɗaya.

Abin da wannan sakaci ke ci wa ƙasa ba a ɓoye yake ba. Wani masani mai suna Martin Williams ya bi diddigin ƙananan ayyukan majalisun gundumomi fiye da 14,000 na tsakanin 2011 da 2013, irin su ajujuwa da ƙananan asibitoci da makewayai, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka fara ba a taɓa kammala su ba, kuma sun lanƙwame kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da gundumomi ke zubawa a ayyukan raya ƙasa. Abin da ya fi jan hankalina a binciken nasa shi ne, bai ɗora laifin kacokan a kan sata ba. Ya nuna cewa masu yanke shawara ne ke kasa tsayawa a kan matsaya ɗaya, sai a karkatar da kuɗi zuwa sabon aiki tun ba a gama na hannu ba. Mu mutanen Kumasi ba sai an kawo mana lissafi ba. Ginin sashen haihuwa na asibitin Komfo Anokye, wanda aka fara tun shekarun 1970, ya tsaya fiye da shekara 40 yana shan ruwa da rana har aka tabbatar ba zai gyaru ba, aka rushe shi. Gadar Sofoline da kasuwar Krofrom, waɗanda aka fara wajen 2007, yaran da aka haifa a lokacin sun girma suna kallonsu ba a gama ba. Can kusa da Accra kuwa ga gidajen Saglemi, inda aka ciwo bashin dala miliyan 200 domin gina gidaje 5,000, aka ƙare da kimanin 1,500 waɗanda suka shekara da shekaru ba kowa a ciki. Ko a wajen fita daga yarjejeniya ma muna tafka asara, domin a watan Janairun 2021 wani kwamitin sasanci na ƙasa da ƙasa ya umarci Ghana ta biya kamfanin GPGC dala miliyan 134 saboda yadda aka soke a 2018 wata yarjejeniyar wutar lantarki da aka ƙulla a 2015. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa tarihin da nasa siyasar, amma a cikin kowannensu akwai lokacin da ya kamata wani mai riƙe da takarda ya ce a dakata, ga abin da muka sa wa hannu, ga kuma abin da zai biyo baya idan muka kauce masa.

Waɗannan manya ne, suna da lauyoyi, jaridu kuma suna bibiyarsu. Waɗanda nake rubuta wannan wasiƙa dominsu ƙanana ne. Kwanakin baya wani dattijo daga cikin 'yan kwangilarmu na zango ya zo wurina da wata baƙar leda cike da takardu, wasu sun sha ruwa, wasu an rubuta lambar waya a bayansu. An ba shi aikin magudanar ruwa a wata gunduma. Yana cikin aiki sai wani jami'i ya zo dubawa, ya ce masa tunda ga kaya a wurin, ya ja magudanar ta kai har bakin kwalbati, za a daidaita daga baya. Alhaji mutum ne mai kunya da ganin girman hukuma, ya ce to, ya ƙaro siminti da rodi da tsakuwa a kan bashi, ya yi aikin da kyau. Kafin a zo biya aka yi wa jami'in canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya buɗe fayil ya ce shi bai ga inda aka ba da wannan umarni ba. Na zazzage ledar nan tas, na jera takardun a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ina neman ko da layi guda mai kwanan wata da sa hannu wanda ya ambaci ƙarin aikin. Babu. Akwai rasit na siminti, akwai hoton magudanar a wayar ɗansa, amma babu umarni a rubuce. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, ai a gaban mutane ya faɗa.” Na ce, “Baba, gaskiya ne, amma mai biyan kuɗin gwamnati ba ya biya da shaidar baki, kuma idan ya biya shi ma zai amsa tambaya a gaban masu binciken kuɗi.” Har yanzu mai shagon siminti yana bin sa.

Abin da zai kare wannan bawan Allah bai fi littafi guda da ake ajiyewa a wurin aiki ba, wanda duk jami'in da ya zo da umarni zai rubuta shi a ciki ya sa hannu, sa'an nan ɗan kwangila ya bi shi da wasiƙa yana neman a tabbatar da ƙarin da kuɗinsa kafin ya zuba ko shebur ɗaya. Dokar sayayya ma ta tanadi cewa sauyin da zai ɗaga kuɗin kwangila da fiye da kashi 10 cikin 100 sai an kai shi gaban kwamitin da ke bitar kwangiloli, don haka jami'i guda ba shi da ikon ba da irin wannan umarni a tsaye. Duk wanda ke cikin ƙungiyarmu ya san haka tun shekararsa ta farko a aiki. Alhaji kuwa ya yi shekaru yana gini ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa.

Haka abin yake a sauran sharuɗɗan. Kuɗin kafin alƙalami da ake ba ɗan kwangila domin ya kai kaya wurin aiki bashi ne, ana zare shi kaɗan-kaɗan daga kowane biya, kuma sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Amma da yawa suna ɗaukarsa tamkar riba ce ta iso da wuri, a sayi mota ko a biya kujerar Hajji, aiki ya tsaya a rabi. Kason da ake riƙewa daga kowane biya, wanda ake sakin wani ɓangarensa idan an miƙa aiki, ragowar kuma bayan wa'adin gyaran duk wani aibi da ya bayyana, sau da yawa a can yake kwana har abada saboda mai shi bai san sai ya rubuta ya nema ba. A yarjejeniyoyin da ke bin tsarin kwangilar gini na ƙasa da ƙasa da ake kira FIDIC, wanda manyan ayyuka ke amfani da shi, ɗan kwangilar da wani abu ya jinkirta masa aiki yana da kwana 28 ya ba da sanarwa a rubuce, in ya wuce haka haƙƙinsa na iya faɗuwa ko da gaskiya tana tare da shi. Sai kuma sharaɗin sauyin farashi, wanda shekarar 2022 ta koya wa kowa darajarsa. A waccan shekara sidi ya faɗi warwas, a watan Disambanta hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100, kuma duk wanda ya sa hannu a kan tsayayyen farashi ba tare da wannan sharaɗi ba ya wayi gari yana sayen siminti da rodi da kuɗin da ya ninka lissafinsa. Na san waɗanda suka sayar da fili domin su fita kunya, na kuma san waɗanda suka kwashe kayansu da dare suka bar aikin. A kan haka ga jinkirin biya. Tsarin mulkin 1992 ya ware wa gundumomi aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ta asusun bai ɗaya, amma kuɗin kan makara, kuma duk da Dokar Kula da Kuɗin Gwamnati ta 2016 ta hana a ɗauki alkawarin kashe abin da ba a tanada ba, ɗan kwangila mai hankali ya kamata ya tambaya tun farko daga wane asusu za a biya shi.

Akwai kuma waɗanda ko sunansu ba ya cikin takarda, kuma su ne mafi yawan mutanenmu: masu tifa da ke kawo yashi da tsakuwa, birkiloli da kafintoci daga Aboabo da Asawase da Sawaba, masu walda na Suame Magazine da ke ƙera ƙofofi da tagogi, da matan da ke dafa wa leburori abinci a kan za a biya ƙarshen wata. Waɗannan a ƙarƙashin babban ɗan kwangila suke aiki, bisa amana da musafaha. Idan an biya shi ya ce ba a biya ba, ba su da hanyar sani, in kuwa ya gudu ba su da abin nunawa. Mun taso a kan cewa neman a rubuta tamkar zargi ne, kamar ka ce wa ɗan'uwanka ba ka yarda da shi ba. Amma malamanmu sun sha karantar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Al'ummar da ke da wannan a hannunta bai kamata a same ta a baya wajen rubuta yarjejeniya ba.

Saboda haka nake kira ga shugabannin ƙungiyarmu da rassan manyan ƙungiyoyin da ke yankin Ashanti da su sauko da iliminsu zuwa inda ake jin zafin rashinsa. Taron da ake yi a otal, da Turanci, da kuɗin shiga da ya fi ƙarfin birkila, mu kaɗai yake amfana. Ba abin da zai hana a keɓe Asabar ɗaya a wata a zauna a wani ajin makaranta ko zauren al'umma a Asawase, mambobi biyu ko uku su karɓi duk wanda ya zo da takardarsa su karanta masa ita da Hausa ko Twi kafin ya sa hannu, kyauta. Ba kuma abin da zai hana ƙungiya ta tsara yarjejeniya mai shafi ɗaya, Hausa a gefe Turanci a gefe, wadda ta ƙunshi aikin da za a yi, kuɗinsa, ranar biya, abin da za a yi idan an ƙara aiki, da wanda za a kai wa ƙara idan an saɓa, a buga ta da yawa a ajiye a shagunan siminti. Doka mai lamba 798 ta 2010 ta amince da sulhu da sasanci a wajen kotu, har da sasanci irin na gargajiya, don haka ana iya rubuta tun farko cewa fadar Sarkin Zango ko wani dattijo da ɓangarorin biyu suka yarda da shi ne zai raba gardama. Gidajen rediyon da ke shirye-shirye da Hausa a garin nan na tabbata ba za su ƙi ba da rabin sa'a ga irin wannan bayani ba.

A wannan zama ne kuma za a iya taimaka wa mai ƙaramin ƙarfi ya hau matakin farko na neman aiki da sunansa. Takardun sanannu ne: rajistar kamfani, shaidar biyan haraji daga hukumar haraji ta GRA, shaidar asusun fanshon ma'aikata na SSNIT, rajista da PPA, da takardar daraja daga Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje, wadda ke kasa 'yan kwangila daga D4K4 na ƙasa zuwa D1K1 na sama. Rashin sanin hanya ne ke sa gwanin magini ya ari takardun wani ya biya shi kaso, ya yi aikin, sunan wani ya samu tarihi, shi kuwa ya tsufa yana ɗan aro.

Akwai wata magana da ta fi wannan nauyi, kuma mu 'yan sana'ar ta shafa kai tsaye. Ba a biyan ɗan kwangila sai wani ƙwararre ya auna aiki ya sa hannu cewa an yi shi. Duk ginin da aka biya kuɗinsa bai tashi ba, duk kankaren da aka rubuta rodi mai milimita 12 aka saka mai 10, duk kwaɓin da aka rage wa siminti aka cika da yashi, akwai sa hannun mai satifiket a ƙarƙashinsa. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na kowace shekara cike yake da biyan kuɗin aikin da ba a yi ba, kuma tun 2017 Kotun Ƙoli ta umarce shi da ya yi amfani da ikonsa na sa wanda ya jawo asara ya biya daga aljihunsa. Ƙungiyar GIPS ta daɗe tana neman a yi dokar da za ta sa sai mai lasisi ne zai yi aikin sayayya, kuma ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Amma lasisi ba zai yi daraja ba sai idan ana iya ƙwace shi. Ƙungiyar da ke son jama'a su yarda da ita dole ta riƙa karanta wannan rahoto tana neman sunayen 'ya'yanta, ta kira wanda aka ambata ya kare kansa, ta wanke wanda ya cancanci wankewa, ta kuma bayyana hukuncin wanda aka samu da laifi. Haka kuma dole ta tsaya bayan mambanta da ya ƙi sa hannu a kan ƙarya, domin na ga yadda ake yi wa irin wannan mutum canji zuwa wani lungu a bar shi shi kaɗai, kuma matasan da ke kallo suna ɗaukar darasin da bai kamata su ɗauka ba.

Mu mazauna zango ma muna da namu rabon aikin. An kafa Asusun Raya Zanguna da doka mai lamba 964 ta 2017, an kuma ware gundumar Asokore Mampong daga Kumasi tun 2012, don haka ayyukan da ake yi da sunanmu sun ƙaru. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta ya tambayi nawa aka ba da aiki, wa aka ba, yaushe ya kamata a gama. Ƙungiyar matasan unguwa da ta san tsawon magudana da faɗinta a takarda tana iya ɗaukar tef ta auna, ta kai wa wakilinta a majalisar gunduma abin da ta gani, cikin ladabi ba tare da tayar da ƙura ba. Abin da suke buƙata kawai shi ne wanda zai nuna musu yadda ake karanta jadawalin kayan aiki, kuma wannan darasin yini ɗaya ne ga kowane ɗaya daga cikinmu. Iyaye kuma su sani cewa wannan karatu yana nan a cikin gari, maza da mata suna yin sa, amma a duk zaman da nake halarta masu jin Hausa ba su taka kara sun karya ba.

Zan gabatar da batun zaman wata-wata da yarjejeniya mai shafi ɗaya a taronmu na gaba, kuma ni da wasu abokan aiki mun shirya ba da lokacinmu. Ina roƙon jaridarka ta miƙa wannan kira ga shugabannin ƙungiyoyin da na ambata ta kuma buga amsarsu, sa'an nan ina roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin makarantu, duk wanda ke da aji ko zaure da zai iya ba da aro ranar Asabar, ya sanar ta hannun Edita.

Wassalam.

Naka,
Wani mai kula da kwangila,
Aboabo, Kumasi.